An ce saiwar haƙorina ta tsage bayan cire jijiya, laifin aikin ne ko nawa?

Maman Khairat:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san kan haƙori ya warware min wani abu, dan wallahi tun jiya raina a jagule yake.

Shekara uku da 'yan watanni kenan aka yi min aikin cire jijiya a turmina na ƙasa ɓangaren dama, wannan da suke ce wa rut kanal. Lokacin ina goyon Khairat, ciwo ya hana ni barci kwana huɗu, ba kanumfarin da ban cusa a kogon nan ba, ƙarshe dai maigidan ya kai ni wani asibiti mai zaman kansa, ba zan faɗi suna ba. Sau uku ina zuwa tun daga Rijiyar Zaki, a zuwa na ƙarshe likitan yace haƙorin ya cinye da yawa sai an sa wani ɗan ƙarfe a ciki kamar ƙusa ya riƙe cikon, aka sa. Kuɗi kam an kashe su, ba ƙanana ba.

To lafiya lau nake ci da shi har bayan ƙaramar sallar nan da ta wuce. Sai na fara jin in na tauna abu ta wajen kamar haƙorin ya fi 'yan uwansa tsawo, ba ciwo mai zafi ba, wani irin nauyi-nauyi dai. Daga nan wani ɗan ƙurji ya fito a dasashi dab da wuyan haƙorin, ya fashe in ji gishiri-gishiri a bakina, kwana biyu ya koma, sati biyu ya dawo. Na sha maganin kemis har zagaye biyu, in ina sha ya lafa, in na gama ya dawo.

Jiya na je wajen wata likita daban. Ta ɗauki wani siririn ƙarfe mai layi-layi kamar rula tana zagaya haƙorin da shi, ko'ina ɗan kaɗan yake shiga, tana zuwa waje ɗaya sai ji nayi ya zurma can ƙasa. Ta ɗau hoto ta nuna min wata baƙar inuwa da ta bi gefen saiwar ta lanƙwaso ta ƙarƙashi kamar ƙugiya. Tace alamu sun nuna saiwar ce ta tsage a tsaye, kuma wai ba a ɗinke ta, sai dai a cire. Na tambaye ta me ya jawo, tace abubuwa da yawa ne, akwai mutane a layi ban samu na ja zancen ba.

Tambayata: shi aikin cire jijiyar da kansa yana tsaga saiwa ne? In haka ne kenan wancan likitan ne ya cuce ni? Kuma da gaske babu wata dabara sai cirewa?

Ɗan Kwari:

Wa alaikumus salam. Hajiya Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai ra'ayina tun farko kenan, haƙori in ya ruɓe a fizge shi kawai a huta. Yayana haka aka yi ta wahalar da shi ana je ka ka dawo, ƙarshe cirewar dai aka yi, ga kuɗin aiki ga kuɗin cirewa, biyu babu. Ni guda biyu aka cire min kuma har yau ina cin balanguna ba abin da ya dame ni. Haƙorin da aka kashe wa jijiya ai gawa ce, bushewa yake kamar ƙirare, dole wata rana ya dare.

Inna Tarauni:

Kai Ɗan Kwari a yi dai a hankali. Ni nawa shekara goma sha ɗaya kenan da aka yi min, a sama ta hagu, an sa masa hula, wato murfin nan da ake rufe saman haƙori da shi, har yau ko ɗar bai taɓa yi min ba. Amma fa tun daga ranar na daina tauna aya da ƙanƙara ta wajen, goro ma sai na yanka shi ƙanana. 'Yata ki yi haƙuri, kuma ki daina shan maganin kemis ɗin nan haka kawai. Akwai likita a nan gidan, bari ya gani zai yi miki bayani.

Likitan Haƙori KN:

Maman Khairat sannu, Allah ya ba da lafiya. Zan ɗan yi tsawo, ki yi haƙuri da ni, dan tambayar ba ta amsuwa da eh ko a'a.

Da farko ban ga bakinki ba ban ga hoton ba, amma abubuwa ukun da kika lissafa, wato ƙurji dab da wuyan haƙori maimakon can ƙasa wajen ƙarshen saiwa, da rami ɗaya siriri mai zurfi a dasashi alhali sauran zagayen lafiya, da inuwar nan mai kama da ƙugiya, in suka haɗu a haƙorin da aka taɓa cire wa jijiya to duk likitan da ya gani tsagewar saiwa zai fara kawowa a ransa. Abokiyar aikina ba ta yi gaggawa ba.

Shin aikin yana iya jawowa? Yana iyawa, ba zan ɓoye miki ba dan ina cikin sana'ar. Ki ɗauki saiwar haƙori kamar karan dawa, jijiyar ita ce totuwar da ke tsakiya. Aikinmu shi ne mu ƙwaƙule totuwar nan tas, mu wanke ramin, mu toshe shi yadda ƙwayar cuta ba za ta sake samun wurin zama ba. Matsalar ita ce ramin jijiyar siriri ne ƙwarai, wani kamar silin gashi, ba ya wankuwa sai an faɗaɗa shi, kuma duk faɗin da aka ƙara daga jikin bangon saiwar aka kankare shi. Ba ya dawowa. Turmin ƙasa irin naki yawanci saiwa biyu gare shi, ta gaba da ta baya. Ta gaban nan ba zagayayya ba ce, a baje take kamar ƙwallon dabino har da ɗan kwarminsa, rami biyu ne a cikinta, kuma bangon da ke ta wajen kwarmin wani lokaci kaurinsa bai wuce milimita 1 ba tun kafin a taɓa shi. Shi ya sa ita da ƙananan turamen sama, waɗanda ke bayan fiƙa, su ne muka fi ganin sun tsage.

Abin da muke kankarar da shi wasu 'yan allurai ne masu kaifi a jiki, fayil muke ce musu. Na da na hannu ne, sirara, a hankali suke ƙara kauri daga tsini zuwa sama. Na yanzu da ake ɗaurawa a inji, na wani ƙarfe ne mai lanƙwasuwa da ake haɗawa da nikel da taitaniyam, wajen 1988 aka fara gwada shi a wannan aikin, sun sauƙaƙa mana rayuwa sosai, amma da yawansu saurin ƙara kaurinsu ya ninka na hannun sau biyu ko sau uku. In aka zura mai kauri a saiwa mai siririn bango, sama-saman ramin ne ke cinyewa, daidai wurin da nauyin tauna ke sauka.

Sai wajen toshewa, kuma ni a ganina nan ne hatsarin ya fi fitowa fili. Ramin da wasu 'yan tsinkayen roba ake cika shi, gata-faca sunanta, asalinta ƙaron wata bishiya ce ta yankin Malesiya. Hanyar da aka koya wa yawancinmu a makaranta ita ce ka sa babba ɗaya, ka zura wani tsinken ƙarfe a gefensa ka danna ya matse shi jikin bango, ka zare, ka sa ƙarami a gurbin, ka sake dannawa, haka haka har ya cika. To ki tuna mai faskare in ya samu gungume, ba ya sa ƙarfe a tsaga ya yi ta dukansa har itacen ya buɗe? Tsinken nan in ya yi wa ramin kauri ko hannu ya yi nauyi, aikin da yake yi kenan daga ciki. Akwai lokacin da likita da kansa zai ji ɗan ƙas, tsinken ya zurma fiye da inda yake tsayawa, mara lafiya ya zabura duk da allurar kashe zafi, jini ya ɓullo a ramin da ɗazu a bushe yake. Wannan a take ka san ta faru. Amma mafi yawa ba haka ba ne, 'yar tsaga ce ƙarama da ido ba ya gani hoto ba ya kamawa, ta kwanta abinta.

Ƙusar da aka sa miki ita ma sai an sake huda saiwa an yi mata gurbi. Mutane na ɗauka tana ƙara wa haƙori ƙarfi ne, a'a, ciko kawai take riƙewa in saman haƙorin ya ƙare. Wadda ake murɗawa kamar sukuru ita ta fi muni dan tana tura bango waje tana shiga. Wadda ake mannawa da siminti da sauƙi, musamman ta faiba. Har ruwan wankin ma yana da nasa, dangin bilicin wanki ne da aka tsarma, shi ke narkar da ragowar jijiya ya kashe ƙwayoyin cuta, ba makawa sai da shi, sai dai in ya yi ƙarfi kuma ya daɗe yana rage wa bangon danƙo. Haka farin maganin da muke zubawa tsakanin zuwa da zuwa, na sati ɗaya ko biyu ne, amma wasu da zarar ciwo ya tafi sai su ɓace da shi a ciki wata takwas, shekara, sai ya sake tashi mu gan su.

To me ya sa sai bayan shekara uku? Saboda tauna. In mutum ya dage ya ciza da turmi, nauyin kan kai na buhun siminti, kilo 50, wasu ma fiye. Ba kullum ake cizawa haka ba, amma sau nawa kike tauna a rana? Kamar waya ce da kike lanƙwasawa kina miƙarwa, ba lanƙwasar farko ke karya ta ba. Kuma haƙorin da ba jijiya ba ya saurin yi miki kashedi in kin haɗu da tsakuwa a shinkafa.

Maganar Ɗan Kwari ta cewa haƙorin bushewa yake kamar ƙirare, mu ma an daɗe ana faɗar haka a cikinmu, amma da aka gwada a 1992, aka kwatanta haƙoran da aka yi wa aikin da 'yan uwansu masu rai na ɗaya ɓangaren bakin mutum ɗaya, ba a samu wani bambancin kirki a ƙarfinsu ba. Abin da ke raunana shi yawan abin da ya rasa ne, wanda ruɓa ta ci da wanda mu muka kankare.

Yanzu ni ma ina da tambaya. An sa miki hula a kan haƙorin? Yaushe? Kina cizon haƙora cikin barci, ko maigida ya taɓa ce miki yana jin ƙara? Kuma akwai haƙoran da kika rasa a ɗaya ɓangaren?

Maman Khairat:

Likita na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, wallahi ko a asibitin ban samu bayani haka ba. Inna na gode, na daina in sha Allah.

Hular kam... gaskiya an ce in dawo bayan sati biyu a auna, ban koma ba sai da ya kusa shekara, lokacin kuɗin makarantar yara ya taso kuma tunda ba ya ciwo sai na yi ta ɗagawa. Abin da ma ya mayar da ni wani ɗan gefe ne ya ɓalle ina cin ƙuli-ƙuli. Sannan aka sa. Ta hagu kuma an cire min turmi ɗaya tun ina budurwa dan haka duk taunata ta dama ce. Cizon haƙora maigidan yace wai wani lokaci kamar ana niƙa tsakuwa, ni dai ban sani ba tunda barci nake. Amma likita ni abin da ya tsaya min, ranar da ake cika ramin na ji ana dannawa da ƙarfi sosai har muƙamuƙina ya yi kwana biyu yana ciwo, ba shi ba ne?

Abu Hanif:

Yallaɓai Likitan Haƙori barka da ƙoƙari, ni ƙaninka ne a aikin, yanzu nake karatun ƙwarewa, ka ba ni izini in ɗan sa baki a maganar fayil na inji dan kar masu karatu su tafi da cewa injin ne mugu su riƙa zuwa suna cewa a yi musu da hannu.

Maganar ta yi ƙarfi ne wajen 2009, lokacin da wasu masu bincike a Amsterdam suka ɗauki haƙoran da aka cire, suka yi musu aiki da fayil na inji, sannan suka yayyanka saiwar gunduwa-gunduwa suka duba a madubin ƙara girma, sai ga 'yan tsage-tsage a bango, waɗanda ba a taɓa ba kuma babu. Daga nan kowa ya ɗauka, aka yi ta maimaita irin gwajin da fayil kala-kala. To sai wani likita ɗan Barazil, De-Deus, da mutanensa suka ce tsaya, ai zarton da kuke yanka haƙorin da shi ma zai iya tsaga shi, kuma ba ku ga cikinsa ba kafin ku fara. A 2014 suka yi amfani da wata na'urar hoto mai ganin cikin haƙori dalla-dalla ba tare da an yanka ba, suka ɗauka kafin aiki da bayan aiki. Duk tsagar da aka gani bayan aiki, da aka koma hoton farko tana nan dama. A 2019 kuma suka duba haƙoran da ke zaune cikin ƙashinsu a jikin gawa, ba a cire su ba ba su bushe ba, ba su ga irin tsage-tsagen ba sam. Ma'ana da yawan abin da aka gani a ɗakin gwaji daga fizgar cirewa ne da bushewar ajiya.

Ba wai ina cewa an rufe babin ba, har yanzu ana ja. Kuma na yarda ɗari bisa ɗari cewa in ka cinye bango da fayil mai kauri ka raunana saiwa ko da ba ka tsaga ta a ranar ba. Bambancin kawai tsakanin a ce fayil ya tsaga da a ce fayil ya sirantar har tauna ta tsaga daga baya.

Hajiya ke kuma shekarar nan da kika yi ba hula ita ta fi tsaya min a rai fiye da dannawar. Akwai wani tsohon gwaji na 1989 da ake koya mana, hudar da ake yi ta sama dan a kai ga jijiya kashi 5 cikin 100 kawai ta rage wa haƙori tauri, amma da aka cire bangon gaba da na baya, irin yadda ruɓa ke yi, sai da ya rasa sama da kashi 60. Wani binciken kuma na Amurka a 2002 ya samu cewa haƙoran da aka cire wa jijiya ba a sa musu hula ba, asararsu ta ninka ta masu hula kusan sau 6. Hular kamar ɗaurin da ake yi wa tulu ne, tana haɗe bangon waje ɗaya kar ya buɗe in an danna.

Likitan Haƙori KN:

Abu Hanif ka kyauta, gyara ya yi, dama ilimi ba a gama shi. Ni ma da injin nake aiki kullum, ba zan koma hannu zalla ba, sai dai na rage kaurin da nake kaiwa a irin saiwoyin nan, kuma tsinken matsewar na koma na yatsa na bar mai doguwar mariƙa, dan da mai mariƙar ba ka sanin ƙarfin da kake sawa, duk hannunka ne a kai.

Maman Khairat ciwon muƙamuƙi na kwana biyu yawanci na buɗe baki ne na tsawon lokaci, mutum ya yi awa guda baki a wangale dole gaɓar ta yi tsami. Jin dannawa kuma kowa na ji. Ba zan ce miki ba shi ba ne, ba kuma zan ce shi ne ba, kuma duk wanda ya yanke miki hukunci daga waya ya faɗi son ransa ne kawai. Ki duba abin da ya taru a kan haƙori ɗaya: ruɓa ta ci shi har sai da aka nemi ƙusa, an faɗaɗa rami, an matse roba, an huda gurbin ƙusa, ya yi shekara tsirara har gefe ya ɓalle, shi kaɗai ke ɗaukar taunar da ya kamata a raba gida biyu, da dare kuma ana niƙa a kansa. Abin da zan iya ce miki, in likitan farko bai zaunar da ke ya gaya miki cewa hular nan rabin aikin ce ba ƙari ba, to nan ya gaza, kuma da yawanmu muna gazawa a nan, sai mu ce a dawo a sa hula kamar wani ado ne irin haƙorin Makka.

Maganar ko akwai dabara. Tsagar saiwa ba ta haɗewa kamar ƙashi, kuma ƙwayoyin cuta na zaune a cikinta inda magani ba ya kaiwa, shi ya sa kike ganin ƙurjin na tafiya yana dawowa. Duk watan da kika ƙara, ƙashin da ke gefen saiwar ne ke zaizayewa, kuma ƙashin nan shi za ki nema gobe in kina son a dasa miki wani. Amma tunda turmi ne mai saiwa biyu akwai abu ɗaya da za ki tambaya: in ɗaya ce ta tsage ɗayar kuma lafiyayya ce da ƙashi mai kyau, wani lokaci ana raba haƙorin biyu a cire rabin da ya lalace a bar rabin. Ba kowane haƙori ke karɓar haka ba, kuma ga mai cizon haƙora ni ba na cika son shi ba, amma haƙƙinki ne a duba.

In zuciyarki ba ta kwanta ba ki nemi ra'ayi na biyu, sashen haƙori na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano akwai ƙwararrun wannan fannin, ki tafi da hotonki. Za a iya ce miki a yi hoton nan mai zagaya kai da ke nuna haƙori ta kowane ɓangare, yana nuna yadda ƙashi ya cinye da kyau, amma ki sani ƙarfen ƙusa da robar kan yi walƙiya a hoton su rufe tsagar ko su zana wadda babu, dan haka kar ki ɗauka shi ne alƙali. Tabbaci na ƙarshe shi ne a ɗaga dasashi a shafa shuɗin rini a gani da ido, ko bayan an cire.

In an cire kuma kar ki bi shawarar Ɗan Kwari ki bar gurbin haka, ke da dama babu ɗaya a hagu. Na sama zai fara zazzagowa, na baya ya kwanto. Akwai dashe, akwai gada da ake ɗorawa a kan maƙwabta, akwai na sakawa da cirewa mai sauƙin kuɗi. Kuma ki sa a yi miki robar barci da ake sawa a baki, dan abin da ya niƙa wannan yana nan yana niƙa sauran.

Ɗan Kwari:

To likita na ji, na janye maganar ƙirare 😂 amma balangu dai ba zan janye ba. Tsakani da Allah ban san na sama yana zazzagowa ba, yanzu na sa harshe na taɓa na ji kamar nawa ya fi sauran tsawo, ko dai tsoro ne kuka sa min. Buɗe kwalbar lemo da haƙori fa, shi ma yana ciki?

Inna Tarauni:

Ɗan Kwari wannan ai ko ba likita ba na amsa maka. Mabuɗin kwalba nawa yake a bakin kasuwarku?

Maman Khairat:

Salam, na dawo da labari tunda kun damu da ni. Na je an sake dubawa, su ma maganarsu ɗaya da ta likitar nan, na tambayi zancen raba shi biyu suka ce ƙashin tsakanin saiwoyin ya riga ya tafi ba zai riƙe ba. Shekaranjiya Talata aka cire.

Na roƙa a nuna min kamar yadda na ƙudura. Likita abin mamaki ba saiwar da ƙusar ke ciki ba ce ta tsage, ƙusar tana ta baya kuma lafiyarta lau, ta gaban ce, ita mai kama da ƙwallon dabinon da ka faɗa, ta rabe tun daga wuya har ƙasa kamar an tsaga rake, robar nan ruwan hoda tana leƙowa ta tsakiya. Cikin tsagar ya yi baƙi-baƙi, wanda ya cire yace alamar ta daɗe kenan ba ta jiya ba ce, na ce ta kai shekara uku? ya yi dariya yace Hajiya haƙori ba ya zuwa da kwanan wata. Bangon gefe ɗaya kam siriri ne sosai, da ya ɗaga shi wajen fitila har haske na ratsawa.

Na naɗo shi a tishu na taho da shi, maigidan yana ta min tsiya wai ko gado zan bar wa Khairat. Kumburin ya fara sauka, ina kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi kamar yadda aka ce. Sun ce in dawo bayan sati biyu a duba wurin sannan a yi maganar abin da za a sa, da robar barcin, wannan karon na sa a waya har ƙararrawa biyu. Likita tuwo mai laushi da miyar kuka zan iya farawa yau ko in ci gaba da kunu? Dan wallahi kunun ya ishe ni.